Ka Koyi Sauka Kafin Ka Nemi Fukafukai

Bron, ranar Laraba

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah Ya kai ka Paris lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin sabon aikinka, Ya tsare ka a ƙasa, Ya kuma tsare ka a can sama inda ka zaɓa wa kanka wurin wasa. In ka isa unguwar Belleville ka gaida Kawunka Lawali da Hajiya Mariyama, ka yi musu godiya a kan ɗakin da suka ba ka.

Zan cusa takardar nan tsakanin rigunanka, don na san ba za ka gan ta ba sai ka zo zazzage jaka. Da gangan na yi. Akwai maganar da in na ce zan yi maka ita ido da ido, kunya za ta tsayar da ni tun ban kai rabi ba.

Ranar Lahadi muna cin abinci ka miƙo mini salula, ka nuna mini wasu samari sanye da riga mai fukafukai suna shawagi a gefen dutse kamar jemagu. Ka ce yanzu da ka gama horon farko, har ka yi tsallenka na bakwai daga jirgin sama babu malami a gefenka, ina ya kamata ka dosa? Ka jero mini hanyoyi: ko ka koyi faɗuwa a zaune da kai ƙasa, ko ka shiga cikin masu haɗa hannu su huɗu a sama, ko ka mai da hankali ga tuƙa laima, ko kuwa ka kama hanyar fukafukan nan. Na ce maka ka ci abincinka kada ya huce. Ka yi dariya, ka ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Kwana uku ke nan ina juya amsar a raina.

Ka san na yi tsallen laima kana ɗan firamare, hoton yana nan a bangon falo. Abin da aka faɗa maka shi ne na bari saboda cikin ƙanwarka Hadiza. Rabin gaskiya ke nan. Ragowar rabin ne zan ba ka yau, don a cikinsa amsar tambayarka take.

Tun ina yarinya a Damagaram nake da wannan ciwo na son sama. In aka aike ni unguwar Birni, sai in ratse in hau manyan duwatsun nan masu santsi, in kwanta rigingine ina kallon shirwa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda take tsayawa cak a iska, ba ta kaɗa fiffike, kamar an rataye ta da zaren da ido ba ya gani. Sau da yawa Inna ta sha jiran gishiri har miya ta ƙone. Da muka zo Lyon da babanka, na samu aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ina auna jini, sai na ɗauka wancan mafarki ya zauna a gida tare da duwatsun. Ashe ya biyo ni.

A labon nan na haɗu da Silbi. Ba za ka tuna ta sosai ba, doguwa ce mai gajeren gashi, takan kawo maka cakulan. Ita ce ta fara kai ni filin jirage da ke kudu da gari, wai in je in yi kallo kawai. Ranar ban yi kallo kawai ba. Aka ɗaure ni a ƙirjin wani malami, muka diro tare. Da na dawo gida na faɗa wa babanka ina so in koya, ya yi kwana uku bai ce uffan ba a kan maganar. A rana ta huɗu ya shigo da safar hannu ta fata a cikin leda, ya ajiye mini a kan tebur, ya ce an ce can sama akwai sanyi. Iyakar izinin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Daga nan duk Asabar ɗin da sama ta yi garau, Silbi za ta zo da motarta ta ɗauke ni bayan na kai ka makarantar Alƙur'ani a Vaulx-en-Velin.

Ba sai na bayyana maka yadda abin yake ba, kai ma ka ɗanɗana. Amma bari in faɗa, don shekara goma sha biyu ban faɗa wa kowa ba. Ƙofar jirgi ta buɗe, sanyi ya shigo da ƙamshin da babu irinsa a ƙasa. Ka leƙa, ga kogin Rhône ya zama zaren azurfa da aka yar a kan koren zane, gonaki sun zama facin riga, can gabas manyan duwatsu sun yi layi da fararen rawuna kamar dattawa a wurin ɗaurin aure. Sai ka saki. A cikin minti ɗayan nan babu labo, babu takardun zama, babu mai tambayarka daga ina kake. Iska ta tallafe cikinka kamar yadda ake tallafe jariri a ruwan wanka. Har yau nakan yi mafarkinsa, in farka hannuwana a buɗe.

Wannan minti ɗaya shi ya fara yaudarata. Da na gama horon farko, kamar yadda ka gama yanzu, babban malaminmu ya kira ni gefe. Mushe Bernar muke ce masa, wato Malam Bernar a bakin Faransawa, tsohon sojan laima ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Ya ce in ba shi tsalle ashirin masu zuwa. Jirgi zai sauke ni ƙasa-ƙasa, in buɗe laima nan take, in yi ta koyon juyawa da tsayawa da auna iska, in riƙa sauka a kan wani tsohon ƙyalle da yake shimfiɗawa a tsakiyar ciyawa. Ya ce faɗuwa ba ta cika ji wa mutum ciwo ba, ƙasa ce ke ji, kuma da laima ake zuwa wurinta. Na ce to, amma a zuciyata na ga asarar Asabar ce. Na yi masa uku na gudu. A wurina laima lif ce kawai, abin da ke maida mutum ƙasa bayan an gama biki.

Ba a daɗe ba na sauka a gonar masara, nesa da fili. Na yi ta kutsawa cikin kara da laima a rungume, ganye na yankar fuskata, har na fito gaban wata tsohuwa da ke shanya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi sama, sannan ta tambaye ni ko ina shan kofi. Mijinta ya maida ni fili a kan tarakta. Na yi wata guda ina ba da labarin ana dariya, Mushe Bernar ne kaɗai bai taɓa yin dariyar ba. Ni kuwa ban tsaya na tambayi kaina me ya kai ni gonar ba. Amsar mai sauƙi ce: ban san yadda ake karanta iska ba, ban san iya nisan da laimata za ta kai ni ba.

Don haka shawarata ta farko, Abba, ka ba laima tsallenka na gaba, ashirin ko talatin, kada ka ji kyashi. Ka nemi malamin da zai tsaya a ƙasa ya kalli saukarka, ya gaya maka inda ka yi saurin jan linzami da inda ka makara. Ka koyi sauka inda ka nufa, cikin iska mai ƙarfi da ranar da babu iska ko kaɗan, don su biyun ba ɗaya ba ne. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Duk hanyar da ka bi daga baya, ko ta fukafukai ce, a ƙarƙashin laima za ta ƙare. Kuma za ka tarar da wani daɗi a can wanda ni na makara ban gano ba: shirun da ke biyo bayan buɗewar laima, har kana jin haushin kare daga wani ƙauye da ƙarar agogon coci.

Kuskurena na biyu ƙyuya ce. Na tsani naɗe laima. Aiki ne na durƙuso a cikin rumfar jirage, ana gumi, ana jera igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ana matse iska daga ƙyallen da ba ya son shiga jaka. Na koya iya yadda zan ci jarrabawa, daga nan na sakar wa Silbi. Ita tana son aikin, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai in fita in kwanta a ciyawa ina kallon gajimare. Haka na yi shekara guda ina goya abin da ban san cikinsa ba.

Wata rana na buɗe laima jikina bai daidaita ba, sai igiyoyin suka murɗe, laimar ta fara juyi da ni. Laifin nawa ne, ba na mai naɗi ba. An koya mana abin yi: ka duba tsayinka, in abin ba zai warware ba ka ja hannun da ke sakin babbar laima, sannan ka ja na laimar ko-ta-kwana. Amma ni sai na tsaya kallo. Ƙasa da sama suna musayar wuri, kore, shuɗi, kore, shuɗi, kamar ina mafarkin da na san zan farka. Da hankalina ya dawo na kai hannu, ban samu hannun ja a inda nake zato ba, saboda juyin ya karkatar da ɗamarar. Na laluba, na laluba, Allah Ya sa na same shi. Farar laima ta buɗe a kaina ƙasa da inda ya kamata ƙwarai. Da na sauka Mushe Bernar bai yi mini faɗa ba. Ya ce in rufe ido in nuna masa hannayen biyu. Na nuna ɗaya daidai, ɗayan na kuskure da faɗin tafi. Ya ce in je gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka naɗe laimarka da hannunka har sai yatsunka sun san kowace igiya, har in wani abu ya canja ka ji shi tun kafin ka gani. Kafin ka hau jirgi ka taɓa hannayen nan bi da bi, a cikin jirgi ka sake taɓawa. Kada ka ji kunyar a gan ka kana yi kamar sabon shiga. Waɗanda suka tsufa a wannan wasa duk na gan su suna yi, bakinsu na motsi kamar masu lazimi.

Abu na uku ya fi wuyar bayani, don a lokacin ban ɗauke shi kuskure ba. Ina son in yi tsalle ni kaɗai. Silbi da wasu mata biyu suna neman ta huɗu don su riƙa haɗa hannu a sama, suka yi ta roƙona, na yi ta ba su uzuri. Gaskiyar ita ce a ƙasa kullum ina cikin mutane: gida, labo, jirgin taram na cikin gari, bikin 'yan Nijar. Sama ce kaɗai wurin da babu mai kiran sunana, ban so in raba ta da kowa ba. To amma wanda ke tsalle da mutane yana koyon abin da mai tsalle shi kaɗai ba ya koya. Yana koyon juya wuya. Yana sanin wane ne a samansa, wane ne a ƙasansa, yana koyon yadda ake rabuwa a ba juna fili kafin a buɗe laima. Idonsa yana sabawa da neman mutane a sarari. Ni idona ya saba da neman kyau ne kawai.

Yanzu na iso wurin da nake ta kewayewa.

A shekarata ta uku na ga laimata ta yi mini girma. Babba ce, shuɗiya, mai tafiyar hawainiya, irin wadda ake ba ɗalibai. Waɗanda muka fara tare duk sun koma ƙananan laimomi masu gudu, suna shigowa fili da ƙara kamar an yage zane. Na matsa wa Mushe Bernar har ya yarda in sayi wata ja, ƙarama, daga hannun wata mata da ta bar wasan. Ya kafa mini sharaɗi: sai ranar da iska ta kwanta, kuma sai yana fili. Na kiyaye sharaɗin sau biyar.

Wata Asabar cikin kaka ya tafi ɗaurin auren 'yarsa. Mun yi sati uku ana ruwa, ranar ce sama ta fara buɗewa. Iska tana ɗan wasa, jakar ƙyallen da ke kan sanda tana nuna nan, ta nuna can. Wanda ya riƙe fili a madadinsa bai san da sharaɗinmu ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Na ce a raina na yi doguwar tafiya, na jira sati uku, ba zan koma gida haka nan ba. Silbi ta ga jar laima a bayana, ta ɗaga gira, na kau da kai.

Jirgin la'asar muka hau. Na yi faɗuwata lafiya, laima ta buɗe lafiya. Sai na ɗaga ido gabas. Abba, ban taɓa ganin dutsen Mont Blanc kamar ranar ba. Ruwan sati uku ya wanke iska tas, rana ta karkata, dutsen ya yi launin cikin goro, yana tsaye shi kaɗai bisa wani siririn gajimare kamar ba ya taɓa ƙasa. Na saki linzami na fuskance shi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. A babbar laimata da hakan bai zama komai ba, tana da haƙuri. Ƙaramar kuwa tana cin tsayi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Da na dubi agogon tsayi a hannuna, na riga na yi ƙasa, kuma ina gefen da bai kamata ba. Akwai tsarin da kowa ke bi wajen shigowa fili, kamar layin motoci, kuma wanda ke ƙasa shi ke da hanya. Da na san laima, da na haƙura na sauka a gonar da ke gabana. Da na saba duba mutane, da na juya wuya hagu. Ban yi ko ɗaya ba. Na tuna dariyar gonar masara, na ce ba za a sake yi da ni ba. Na ja linzami da ƙarfi na yanko layin.

Silbi tana ƙasana, ta riga ta miƙe za ta sauka. Ƙafafuna suka shiga gefen laimarta. Tsayin bai wuce na gida mai hawa biyu ba. Ni na zame na wuce, na faɗi na gurɗe idon sawu. Ita gefen laimarta ya naɗe, ta juya, ta bugi ƙasa da kwankwaso. Na tashi na ruga wurinta. Idonta a buɗe, tana kallon sama, ba ta kuka. Ta ce mini kada in taɓa ta.

Ƙashin ƙugu ya karye, da ƙashin baya guda biyu. Wata huɗu tana kwance. Kwana goma na farko na kasa zuwa asibitin, nakan hau taram in kai ƙofa in juyo. Babanka ne ya ce mini wata safiya in sa mayafina, ya kai ni har bakin ɗakin, ya tsaya a waje. Na shiga na zauna, na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta fara.

"Rabi, me kike kallo?"

Na ce, "Dutsen."

Ta ce, "Ya yi kyau?"

Na ce, "Ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba."

Ta ce, "Ni ma na gan shi. Sau ɗaya na kalla, sai na koma neman inda kike."

Ta yi tafiya daga baya, da sanda, har yau da sanda take. Ba ta sake hawa jirgin tsalle ba. Ta yafe mini tun a gadon asibiti, ta sake faɗa da ta koma garinsu kusa da teku, kuma duk sallah ita ke fara aiko mini da gaisuwa. Mushe Bernar bai kore ni ba. Ya ce in dawo in fara daga ƙyallen nan na tsakiyar ciyawa, da babbar laima, kamar ranar farko. Wataƙila da na koma ya fi. Na kasa. Bayan 'yan watanni na samu cikin Hadiza, mutane suka ce ai dole ta bari, ni kuma na bar su a haka.

Ban ba ka wannan labari don in tsorata ka ba, kuma ban ce ka bari ba. Da bakin me zan ce? Na san abin da ke jan ka, a nonona ka sha shi. Abin da nake so shi ne ka jera abubuwan yadda ni ban jera ba. Bayan laima da naɗi, ka nemi mutum ɗaya mai natsuwa ku riƙa tsalle ku biyu, daga nan ka shiga cikin huɗu. Ka zauna a nan har sai wuyanka ya koyi juyawa da kansa. Faɗuwa a zaune da kai ƙasa tana da gudu, kuskure a cikinta ba ya jira, ka bar ta sai cikinka ya san iska sosai. Na ji akwai ɗakin iska kusa da Paris inda ake shawagi a kan fanka, ka je can lokacin sanyi, zai gyara maka jiki. Amma ka tuna babu laima a ciki, babu gona, babu wanda zai ɓullo maka ta hagu. Fukafukan kuwa, ƙa'ida ma ba za ta bar ka ka sa su ba sai ka tara tsalle masu yawa. In lokacin ya zo, ka sa su daga jirgi, a sarari mai faɗi. Maganar bin gefen dutse, wannan ina roƙonka da girman nonon da ka sha, ka bar wa masu ita.

Kada ka yi saurin rage girman laima. In abokai sun yi maka dariya ka taya su. Kuma in za ka zaɓi malami, kada ka zaɓi wanda ke yaba ka. Ka nemi wanda zai iya kallon idonka ya ce yau ba za ka hau ba, ka ji haushinsa har ka isa gida.

Akwai fasaha ɗaya da ba a rubuta ta a karne, littafin da ake lissafa tsalle a ciki, ita ce komawa gida ba tare da an yi tsalle ba. A Paris za ta fi yi maka wuya, don filayen suna da nisa. Za ka tashi tun asuba, ka yi awa biyu a hanya, ka isa ka tarar iska ta canja. Zuciyarka za ta kawo maka hujjoji masu kyau, irin waɗanda tawa ta kawo mini. Ka zauna a ciyawa ka kalli waɗanda suka hau, ka lura da yadda tsofaffin hannu suke zaune tare da kai suna shan shayi. Haka in ba ka yi barci sosai ba, ko ranka a ɓace yake, ko kana azumi a dogayen ranakun nan na bazara. Sama ba ta gudu. Sallarka kuma kada ka bar ta sai ka dawo gari. Ni a bayan rumfar jirage nake yi, a kan rigar sanyi, babu wanda ya taɓa ce mini komai, har akwai makanikin da ke kashe injinsa in ya gan ni na tayar.

Kawunka Lawali zai ce maka wannan wasa hauka ne, mutum da lafiyarsa ya fito daga jirgin da bai lalace ba. Haka ya ce mini. Kada ka yi masa gardama, ka ce Allah Ya kiyaye, Kawu. Wata Asabar ɗin ka hana kanka fili ka taya shi zama a shago, ka ci tuwon Hajiya, ka ji hirar 'yan kasuwa. Mutumin da ke da inda zai zauna a ƙasa ba ya yi wa sama haɗama.

Saura abu ɗaya, wanda ni ma jiya na sani. Na gaya wa babanka zan rubuta maka gaskiyar abin da ya faru da Silbi, na tambaye shi ko yana ganin ya dace. Yana gyaran takalmin Hadiza, bai ɗago ba. Ya ce ya dace, kuma in na manta wani abu in tambaye shi, don yana wurin. Na ce wane wuri? Ashe duk Asabar ɗin nan da yake ce mini yana laburare, yakan ɗauki tsohuwar motarmu ya bi bayanmu, ya tsaya can bayan shingen fili wajen wata bishiya, inda ba a ganinsa. Ya san launin laimata. Yakan jira har ya ga ta taɓa ƙasa, sannan ya juya ya je ya ɗauko ka. Shekara uku yana haka. Ranar haɗarin ma yana tsaye, ya ga laimomin biyu sun haɗu. Ya tsallake shingen yana gudu, ya kai rabin fili, sai ya ga na miƙe na nufi Silbi, mutane sun kewaye mu, an riga an kira motar asibiti. Ya tsaya. Ya koma mota, ya zo gida ya zauna kusa da tarho yana jiran in kira in faɗa masa da bakina.

Na tambaye shi me ya hana shi ƙarasowa, me kuma ya hana shi faɗa mini duk shekarun nan. Ya ce, "Na ga kin tashi da ƙafafunki, abin da na je gani ke nan. Sauran kuma, na san ba za ki so a ce na gani ba."

Na zauna a gefensa. Da ya gama ɗinkin, ya ce in rubuta maka saƙo ɗaya daga gare shi. In ka tashi sayen laimarka, ka sayi babba, mai launin da ake hangowa daga nesa, kuma ka aiko mana ka faɗi launin. Ya ce Paris ba ta fi awa biyu a jirgin ƙasa ba, kuma kowane fili yana da shinge. Wannan karon ni ma zan bi shi.

Allah Ya yi maka albarka, Abba. Allah Ya buɗe maka laimarka duk ranar da ka ja ta, Ya daidaita maka iska, Ya ba ka idon ganin na kusa da kai. Ya sa kada a cutar da kai, kada kuma a cutar da kowa ta hannunka. Ya sauke ka a kan ƙafafunka, Ya dawo mana da kai lafiya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi